Ana yi wa mahaifina gashin ciwon daji, dangi sun hana shi nama da ƙwai: me zai ci?

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 62, likitoci sun gano yana da ciwon daji a maƙogwaro. Yau mako biyu ke nan da fara yi masa gashi, kuma ana ɗaura masa ruwan maganin kansa, wato ciwon dajin, sau ɗaya a mako. Dangi sun ce a daina ba shi nama da ƙwai da maiƙo da duk abin da ke da sukari, wai su ne ke ciyar da ciwon. Yanzu koko da ruwan zogale kawai yake sha, sai wani jiƙo da aka aiko daga ƙauye. Da aka fara kilo 64 yake, yanzu ya koma 60. Ya ce abinci ba ɗanɗano, haɗiya ma da zafi. Me ya kamata ya ci?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ke kuma sannu da jinya. Tsara abincin masu ciwon daji shi ne aikina, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarki shi ne kilo huɗun nan. Kilo 4 daga cikin 64 ya haura kashi 6 cikin 100 na nauyinsa, a mako biyu kacal. Mu a wajenmu, wanda ya zubar da kashi 5 cikin 100 a wata guda ma mun sa shi a sahun masu bukatar kulawar gaggawa. Don haka gobe idan kun je, kafin ya shiga ɗakin injin gashi, wato injin da ke harba haske mai ƙarfi don kashe ƙwayoyin ciwon, ki faɗa wa likitansa ko ma'aikaciyar jinya wannan lissafin kamar yadda kika faɗa mini, ki kuma nemi a haɗa ku da mai kula da abincin marasa lafiya. Kada ki jira ranar ganin likita ta zagayo.

Ki tuna ranar da aka auna shi kafin a fara. An kwantar da shi, aka ɗauko wata roba mai raga-raga da aka tausasa a ruwan ɗumi, aka lulluɓe masa fuska da wuya da ita har ta sandare a kan siffarsa, sannan aka ɗauki hoton cikin wuyansa yana sanye da ita. A kan wannan hoton aka zana inda hasken zai bi da inda zai kauce wa, kamar lakar baya da jakunkunan da ke samar da yawu, kuma da milimita ake wannan awon. Idan wuya ya zabge, kumatu suka faɗa, robar sai ta yi masa yawa, kansa ya riƙa motsi a ciki. Daga nan hasken zai iya taɓa inda ba a nufa ba, ya rage a inda ake nufi. Dole a tsaya a sake awo, a sake zane. Gashin kai da wuya kuwa yawanci zama 33 zuwa 35 ne, Litinin zuwa Juma'a, na tsawon mako shida zuwa bakwai, kuma ba ya son tsaiko, domin ƙwayoyin ciwon da suka rage suna ƙara saurin hayayyafa idan aka ba su hutu. Binciken da aka tara a kan irin wannan ciwon ya nuna kowace rana da aka ƙara a kan wa'adin tana rage damar shawo kansa da kimanin kashi 1 cikin 100, ko fiye kaɗan. Ga shi injinan gashi 'yan ƙalilan ne a ƙasar nan. Mutane na barin garuruwansu su tare a Zariya ko Sakkwato ko Abuja don su samu layi. Wanda Allah ya ba shi layin, bai kamata yunwa ce za ta kwantar da shi a tsakiyar hanya ba.

Kuma abin da ke zubewa ba kitse kaɗai ba ne. Tsoka ce ke narkewa, har da tsokar da yake haɗiya da ita, da wadda yake tari da ita ya fitar da majina daga ƙirji. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Maganar da dangi suka kawo ba daga sama ta faɗo ba, shi ya sa take da wuyar kankarewa. Tun shekarun 1920 wani masanin Jamus, Otto Warburg, ya lura ƙwayoyin kansa suna zuƙar sukarin jini fiye da lafiyayyun ƙwayoyi. Wannan gaskiya ne. Kuskuren yana wajen ɗaukar cewa idan ka hana baki sukari ka hana ciwon. Tuwo da shinkafa da dankali, har kokon da yake sha, duk sukari suke komawa a cikin jini, kuma ƙwaƙwalwa ba ta aiki sai da shi. Idan mutum ya daina ci, jiki ba ya barin sukarin jini ya ƙare: jikin ne ke farfasa tsokarsa, hanta ta ƙera wani sukarin da ita. Ciwon zai samu rabonsa ko an ci ko ba a ci ba. Baba ne kawai zai rasa.

Na nama kuma, a 2015 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yawan cin naman da aka sarrafa, irin su tsiran alade da naman gwangwani, yana jawo kansar hanji, jan nama ma ana kyautata zaton yana da hannu. Amma wannan gargaɗi ne ga mai lafiya, a kan abin da zai yi ta ci shekara da shekaru. Ba a yi shi don dattijon da kullum haske ke ƙona fatar cikin bakinsa ba, wanda jikinsa ke neman abin da zai sake gina ta da shi kafin wayewar gari. Ƙwai kuwa ban san wani dalili na ilimi da zai sa a hana mai gashi shi ba. Yana cikin abin da na fi dogara da shi a aikina, don ga laushi, ga araha a kan nama. Idan za ki yi wa manyanki bayani, kada ki ce musu sun yi kuskure. Ki ce likita ya ce sai an gama gashi za a koma maganar abin da za a rage, yanzu lokacin ƙari ne. Na ga wannan lafazin yana buɗe ƙofar da gardama ba ta buɗewa.

To nawa yake bukata? Ƙa'idar ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai, ESPEN, ta 2017, ta ce mai ciwon daji ya samu kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, 25 zuwa 30 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, da furotin, wato sinadarin gina jiki, fiye da giram 1 har zuwa 1.5 a kan kowane kilo. Idan muka yi lissafi da nauyinsa na farko, Baba yana neman kalori wajen 1,900 da furotin giram 75 zuwa 95 kullum. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin madara giram 8. Dafaffen nama ko kifi mai cika tafin hannu ya kai giram 20 zuwa 25. Koko kuwa kusan duk ruwa ne, furotin ɗinsa bai taka kara ya karya ba, ga tsami, ga citta da barkono masu ƙara masa raɗaɗi. Zogale ganye ne mai amfani, a sa shi a miya, amma ruwansa ba ya riƙe mutum.

Tunda haɗiya da zafi, dabarar ita ce kowace kurɓa ta zama mai nauyi. A nan kunun gyaɗa ya fi komai. Ki dama shi da gasara ko shinkafa da ta dahu luguf, amma ki bar tsamiya da lemon tsamin da aka saba sawa, don suna yi wa gyambon baki zafi. A kofi ɗaya babba ki tabbatar akwai markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali biyu manya, madarar gari cokali uku, man gyaɗa ko man shanu cokali ɗaya, da sukari ko zuma cokali ɗaya. Ki tace shi, ki bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Wannan kofin ya haura kalori 500, da furotin wajen giram 15. Uku irinsa a yini sun ɗauke mafi yawan bukatarsa tun kafin a zo ga tuwo. Gyaɗar dai ki tsince ta da kyau, ki zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ta canja launi, domin tana ɗauke da guba mai cutar da hanta. Garin Tom Brown na gero da waken suya da gyaɗa, wanda ake dama wa yara, shi ma yana yi, a ƙara masa madara da mai. Idan kuna zaune a gidan 'yan'uwa ko ɗakin haya kusa da asibiti, ki dama da safe ki zuba a fulas, ya riƙa kurɓa yana jiran layi. Sa'o'in da ake ɓatawa a kan benci ba ci ba sha suna cikin abin da ke ramar da mutane.

Sai miyar yauƙi. Haske yana rage yawu, wanda ya rage kuma ya yi kauri yana danƙo, sai loma ta tsaya a wuya. Kuɓewa ɗanya, kuka, karkashi, lalo, duk suna yin aikin da yawun ya kasa, su zame da loma ta wuce. Na sha ganin wanda ya kwana biyu yana ture kwano, aka kawo masa tuwon shinkafa mai taushi da miyar kuɓewa ba yaji, ya gutsuri 'yar ƙaramar loma, ya juya ta cikin miya har ta nutse, ya rufe ido ya haɗiye yana jiran zafin, sai ya buɗe ido ya sake kai hannu. Ki tuƙa tuwon da ruwa-ruwa, miya ta fi tuwo yawa. Naman a dafa shi har ya farfashe, a daka ko a markaɗa a zuba cikin miyar. Kifi a cire ƙaya tsaf a murmushe. A ƙara mai cokali ɗaya a kwanonsa shi kaɗai, cokalin nan kalori 120 ne kuma ba ya ƙara yawan abin da zai haɗiya. Daddawa ba laifi. Barkono, attaruhu, masoro, citta, kanumfari da yajin ƙuli duk a ajiye su tukuna, tumatir ma a rage, don yana da tsami.

Sauran abin da ke shiga cikin sauƙi: alala mai laushi da ƙwai a ciki, faten wake da aka cire ɓawonsa ya dahu ya narke, faten dankali, awara dafaffiya cikin miya maimakon soyayya, ƙwai da aka kaɗa da madara aka turara, ayaba ko gwanda da aka dama da kindirmo. Fura da nono abinci ne mai kyau gare shi idan a gida aka yi furar ba kayan yaji, aka dama ta sosai aka tace, nonon kuma kindirmo ne marar tsami na madarar da aka tafasa. Ki guji nonon talla da ba ki san ruwan da aka sirka shi da shi ba, da ɗanyen ƙwai, da abincin da ya kwana a buɗe, domin ruwan maganin da ake ɗaura masa yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Tsire, kilishi, ƙuli-ƙuli, ƙanzo, gasasshiyar masara da busasshen burodi suna kankare baki. Zoɓo, lemon zaƙi, abarba da lemon kwalba mai gas suna yi masa raɗaɗi. Goro, sigari, taba gari da shisha kuwa a bar su gaba ɗaya. Shan sigari lokacin gashi yana rage aikin gashin, yana kuma tsananta gyambon.

In Baba yana da ciwon sukari ko matsalar ƙoda, wannan tsarin zai ɗan canja: mai sukari a cire masa zuma da sukarin a ƙara gyaɗa da mai, mai ƙoda kuma likita ne zai faɗi iyakar furotin ɗinsa.

Ba sai kun sayi madarar gwangwani ta marasa lafiya mai tsada ba, in dai yana iya shan abin da na lissafa. A Lisbon ta ƙasar Fotugal an taɓa raba masu gashin kai da wuya su 75 gida uku, aka buga sakamakon a 2005: wasu aka zauna da su ana tsara musu abincin gida, wasu aka ba su na gwangwani, wasu aka bar su su ci yadda suka ga dama. Wata uku bayan gama gashi, waɗanda aka tsara wa abincin gida ne kaɗai suka ci gaba da cin abin da ya ishe su. Na gwangwanin yana da ranarsa, musamman ranar da girki ya gagara, amma ba shi ne sharaɗi ba.

Kada ki jira ya ce yana jin yunwa, ba zai ce ba. Ki sa masa lokaci kamar na magani, duk bayan sa'a biyu zuwa uku, ɗan kaɗan a ƙaramin kwano, don babban kwano cike yana karya wa marar lafiya zuciya. Rashin ɗanɗanon da yake faɗa gaskiya ne, hasken ne ya taɓa harshe, ba raina girkinki yake ba. Wasu suna jin komai kamar ƙarfe a baki. Irin waɗannan cokalin roba ko ludayin duma ya fi musu na ƙarfe. Kuma a daina ware masa kwano da kofi. Ciwon daji ba a ɗaukarsa, gashin da ake yi da inji daga waje kuma ba ya barin komai a jiki, da an kashe injin shi ke nan. Ya ci da 'ya'yansa, ya ɗauki jikokinsa. Mutumin da ya saba cin tuwo cikin jama'a, in aka tura masa kwano ɗaki shi kaɗai, rabin abin da zai ci ma ba zai ci ba.

Duk wannan ba zai yiwu ba in ba a kashe zafin ba, kuma zafin yakan ƙaru daga mako na uku zuwa ƙarshe. Ki gaya wa likita a fili cewa zafi na hana shi ci. Akwai magunguna hawa-hawa, har da mofin na ruwa, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, kuma shan sa bisa umarnin likita don irin wannan zafin ba shaye-shaye ba ne. A ba shi maganin kamar minti 30 kafin abinci. Mofin yana ɗaure ciki, don haka a nemi mai sassauta bayan gida tare da shi. Ya riƙa kurkure baki kafin ci da bayan ci da kafin barci, da ruwan da aka tafasa ya huce lita ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, sodar yin kek (baking soda) ƙaramin cokali ɗaya. Kanwa ba ta maye gurbin sodar nan, kada a sa ta. Buroshi mai laushi irin na yara ya fi asuwaki a wannan lokacin, kuma a guji ruwan wankin baki na kanti mai sinadarin barasa. Zuma tsantsa tana cikin abin da masana kula da masu kansa suka yarda tana rage gyambon baki ga masu gashin kai da wuya: ya ɗan riƙe ta a baki ya haɗiye a hankali, daga baya ya kurkure saboda haƙora. Ki riƙa leƙa bakinsa da fitilar waya. In kika ga fari-fari kamar guntun kindirmo manne a harshe ko dasashi, fumfunar baki ce, tana da magani, kuma da an sha haɗiya takan yi sauƙi cikin 'yan kwanaki.

Jiƙon ƙauyen nan ina roƙonki a dakatar da shi. Ruwan da ake ɗaura wa masu irin ciwon Baba mako-mako yawanci sisfilatin ne, kuma ƙoda yake wahalarwa, shi ya sa ake auna jininsa kafin kowane zagaye. Jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ba a san ma'auninsa ba, zai iya ƙara wa ƙoda da hanta nauyi har a fasa ba shi maganin. Abin da ƙodar ke so ruwa ne, lita biyu ko fiye a yini, kunu da romo duk suna cikin lissafi. In fitsarinsa ya yi kaɗan ko ya yi ja, ruwan bai isa ba. Haka nan ƙwayoyin bitamin masu ƙarfi da ake tallatawa. A Kanada an gwada ba masu gashin kai da wuya su 540 bitamin E mai yawa ko ƙwayar da ba komai a cikinta, aka fitar da sakamako a 2005: illolin gashin sun ɗan ragu, amma ciwon ya fi dawowa a cikin masu shan bitamin ɗin, daga baya kuma aka gano abin ya fi shafar masu shan sigari. Kada ya sha wani ƙarin magani sai likitansa ya gani. Addu'a da tofi da zamzam kuwa ba su ci karo da komai ba, a ci gaba. In azumin Ramadan ya riske shi cikin wannan hali, aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun ba marar lafiya rangwame ya rama daga baya, in kuma yana da al'adar azumin Litinin da Alhamis, ya dakata tukuna.

Akwai maganar da nake so ki shirya mata tun yanzu, don kada ta zo muku ba zato. Idan duk da wannan ƙoƙarin abin da yake ci bai kai kashi 60 cikin 100 na bukatarsa ba har fiye da mako ɗaya zuwa biyu, ko nauyin ya ci gaba da sauka, za a ba ku shawarar sa masa siririyar roba ta hanci zuwa ciki. Na san yadda mutanenmu ke kallonta. Da an ambace ta sai a fara kuka, a ɗauka an kai gargara. Ga mai gashi ba haka ba ne. Hanya ce ta wucin gadi da kunun nan da madara za su bi su tsallake wurin da ke ciwo, a cire ta idan maƙogwaro ya warke, kuma da yawa da ita suke ƙarasa gashinsu suna tafiya da ƙafarsu. Gara a sa ta yana da sauran ƙarfi. Ko da an sa, ya ci gaba da kurɓar wani abu ta baki kullum in likita ya yarda, don tsokar haɗiya in ta daɗe ba aiki sandarewa take yi.

Ku koma asibiti a ranar, ba sai gobe ba, in ya yi zazzaɓi, ko ya kasa haɗiye ko ruwa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi wuya, ko yana sarƙewa da tari duk lokacin da ya sha abu, domin wannan alama ce ruwa na bin hanyar iska zuwa huhu. Wanda kuma ya yi kwanaki bai ci komai ba, ba a dura masa abinci da yawa lokaci ɗaya. A asibiti ake farawa da kaɗan-kaɗan ana duba gishirin jininsa.

Masu karatu da nasu marar lafiyar a wani wurin ake gasawa, ku lura illar tana bin inda hasken ya bi ne. Mai gashin mama galibi cin abincinta ba ya canjawa, sai gajiya. Mai gashin mara, kamar ta bakin mahaifa, gudawa ce matsalarta: ta rage kwaɗon ɗanyen ganye da yaji da maiƙo mai yawa, ta riƙe ruwan gishiri da sukari, ta kuma kula da ƙarancin jini.

Ki samu littafi ki riƙa rubuta nauyin Baba sau ɗaya a mako, a sikeli ɗaya, da abin da ya ci kowace rana, ki riƙa nuna wa likita. Ranar da aka gama gashi kada ki saki wannan tsarin, don gyambon yakan kai ƙololuwa ne a mako ɗaya zuwa biyu bayan zaman ƙarshe, sannan ya fara lafawa. Ɗanɗano yakan dawo a hankali cikin watanni. Yawu kan fi jinkiri, wani ma ba ya dawowa kamar da, kuma bushewar baki tana saurin lalata haƙora, don haka man goge baki mai fuloraid da ganin likitan haƙori sun zama dole. Ko bayan shekaru, kada a cire masa haƙori sai an gaya wa mai cirewar cewa an taɓa yi masa gashi a wuya, an kuma tuntuɓi likitan kansar, domin ƙashin muƙamuƙin da haske ya ratsa ba ya saurin warkewa.